Inna, Mun Cire Injin Jirgin Baba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina fata Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Shekara uku ke nan da rasuwarki, ban taɓa rubuta miki komai ba sai yau, don maganar ta yi mini nauyi kuma ba ni da inda zan sauke ta.

Inna, mun cire injin jirgin Baba.

Kin fi kowa sanin matsayin jirgin nan a wurinsa. Tun ba a haife ni ba yake ƙetarar da mutane gulbi, 'yan kasuwar Lolo da masu zuwa tsallaken Benin, da buhunan shinkafarsu da awakinsu. Kullum kina cewa, "Ubanku ko an ɗaure mishi ido ya san inda yashi ya kwanta."

Abin a hankali ya soma. Ya dawo daga masallaci ya tambaye ni ko an yi la'asar. Ya sa tabarau a ido yana faɗa wai an ɗauke masa. Na yi ta dariya, na ce tsufa ne.

Sai wata ranar kasuwa, ruwa ya cika, ya ɗauko mutane da rana tsaka. A tsakiyar gulbi ya rage wa inji wuta, ya duba gabas ya duba yamma, ya tambayi wata mai goyo, "Ɗiyata, ina munka nufa?" Ta ɗauka wasa ne, har sai da ruwa ya fara jan jirgin. Malam Idi mai kifi, abokinsa na ƙuruciya, yana cikin jirgin, shi ya matsa kusa da shi yana nuna masa gaɓa da hannu har suka isa. Da yamma Malam Idi ya zo gida ya faɗa mana, ni da Yaya Sani, kansa a sunkuye kamar shi ya yi laifin.

Mun kai shi asibiti Birnin Kebbi. Muka dace da wani likita mai bincike a kan ƙwaƙwalwar tsofaffin direbobi da masu aiki da inji. Ya ba Baba kalma uku ya riƙe: goro, akuya, tabarma. Suka ɗan taɓa hira, sannan ya ce ya maimaita. Baba ya kawo goro, ya tsaya. Ya dube ni, Inna, irin kallon da ɗalibaina suke mini in sun rasa amsa. Na kau da kai.

Amma da likitan ya tambaye shi abin da ake yi in inji ya ƙi tashi, sai ga Baban da kika sani. Ya zayyana masa komai, hannunsa na jan igiya a iska. Likitan ya bayyana mana cewa abin da hannu ya daɗe yana yi yakan jima bai gushe ba, amma riƙe sabon abu, da sanin inda mutum yake, da yanke shawara cikin gaggawa, su suke fara raunana. Ya ce hatsarin ke nan, don mai kallo zai ga gwani, shi ma yana jin kansa gwani. Ya ce kada Baba ya sake ɗaukar mutane a jirgi. Baba ya ce masa, "Likita, ka kai ni bakin gulbi ka gwada ni can."

Yaya Sani ya kwance injin ya kai garin Kende ya ajiye, amma ya kasa faɗa wa Baba. Ni na faɗa. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, ya ce, "To, Rabi, mi zan yi da safiya?"

Na gaji, Inna. Na gaji da hawa mashin daga makaranta a guje in duba ko yana gida. Na gaji da dangi masu cewa mutanen ruwa ne suka taɓa shi, da masu cewa mun wulaƙanta tsoho. Washegari yakan manta, ya sa hula ya nufi gulbi, ya tarar da jirgi babu inji, ya dawo yana cewa an yi masa sata. Sai in sake faɗa masa daga farko, ya sake jin zafin sabo fil.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jiya ya ce, "Innarku ta san da wagga magana? Kira min ita." Sau biyu a baya na gaya masa gaskiya, sau biyu ya yi kukan rasuwarki kamar ranar aka yi. Jiya na kasa. Na ce kin tafi gidan suna. Ya gyaɗa kai, ya ce a ajiye miki tuwo. Na zuba, na rufe, na ajiye.

Ke kika hana ni ƙarya tun ina ƙarama. Ki yafe mini wannan, don na san zan sake.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya sassauta wa Baba, Ya bar masa sallarsa ko da komai ya tafi. Ni kuma Ya ƙara mini haƙurin da kika tafi da shi.

Ɗiyarki,
Rabi
Bagudo