Rezon Ƙetaren Kogi

Yaya Maina,

Gaisuwa mai yawa daga Dakar. Ya ƙafar Inna? Ya Sadiya da yara? Ni lafiya lau, sai dai abinci ba ya shiga kwanan nan. Kada Inna ta ji.

Ka san manhajar da na sa muku a waya, mai yin gargaɗi idan kogin Komadugu zai yi ambaliya. Mu da yawa muke gina ta kyauta, kowa daga ƙasarsa. Shekaranjiya na gano aibi a cikinta: idan waya ta kama rezon Najeriya, wato layin sadarwar ƙetaren kogi, kamar yadda taka take yi a gonar tattasai, gargaɗin ba ya zuwa. Ni na rubuta wannan sashen, Yaya. A nan na gwada shi, na manta da bakin kogi.

Na aika gyara, amma ƙa'idarmu ba a karɓarsa sai da shaidar gwaji, kuma mutum biyu sun duba. Na yi wa abokan aikin faɗa, alhali gaskiyarsu ce. Gaggawata ce ta jawo mana wannan.

Don Allah, in hanya lafiya, ka je gona, ka buɗe manhajar, ka ɗauki hoton fuskar wayarka ka turo mini, shi ne shaidar da ake nema. In ka ji ƙishin-ƙishin wani abu, ka zauna gida.

Ka gaya wa maƙwabta su janye injinan ban ruwa daga gaɓa yau. Shirun wayar nan ba alamar lafiya ba ce. Ku dubi ruwan da idonku.

Allah Ya tsare min ku.

Ƙanwarka,
Fanna