Tsumman da Ka Cusa wa Motarka

Zuwa ga yayana Garba Makaniki, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga yayansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Ɗanjuma. Ka san ban yi boko ba, maƙwabcina nake faɗa wa yana rubutawa. Ya ce zai sa a waya jama'a su karanta, na ce su karanta.

Maganar a-kori-kurarka ce. Tun ranar da aka kai ka asibiti a Birnin Kebbi take tsaye gindin darbejiya, ba wanda ya taɓa ta har matarka Hajo ta fita takaba. Sannan babban ɗanka Sanusi ya ɗaura batir ya tayar da ita. Bugu ɗaya ta tashi, tana silo lafiya lau. Amma yana taka totur sai ta shaƙe, ta yi baƙin hayaƙi, ta nemi mutuwa. Ko bakin kasuwar Gwandu bai kai ba ya juyo.

Masu rabon gado suka ce a sayar wa 'yan gwangwan su yanka ta. Ni kuwa na san da motar nan ake kwaso gero da albasa daga Masama da Dalijan zuwa Kalgo, da ita ake ɗora tukunya a gidanka. Na ce a ba ni ita. Suka ba ni zuwa Juma'a.

Ranar Talata na rantse kafireto ne. Na kwance shi ɗaiɗai a kan faifai, na wanke da fetur, na hure ƙofofinsa da baki, na mayar. Ba sauyi. Na duba wayar totur ko ta saki, na sa Sanusi ya taka ina kallo, tana buɗewa har ƙarshe. Na ciro fulogai, duk huɗun baƙi ƙirin. Na kankare na mayar, ba a jima ba suka sake baƙi.

Ranar Laraba na zubar da tsohon man tanki, na sauya matacin mai, na gwada famfo yana turowa. Duk da haka na koma kan kafireto, sau biyu. Sanusi ya ce a kira wani makaniki daga Kalgo. Na ce muddin ina numfashi baƙo ba zai sa hannu a injinka ba. Tsofaffin unguwa suna cewa makokinka take yi. Na ce musu ƙarfe ne.

Sai ranar Alhamis bayan la'asar, ina zaune a kan taya, na tuna abin da kake faɗa mini tun muna gareji ɗaya: "Ɗanjuma, in fulogi ya yi baƙi, bar zargin mai, je ka nemi iska." Kwana biyu ina kallon baƙin fulogi, taurin kai ya hana ni ji.

Na cire murfin iya-kilina, wato gidan matacin iska, gaba ɗaya, na ja totur da hannu. Yaya, sai ta yi ruri har kajin Hajo suka watse. Matacin iskar kuwa fes yake. Na zura hannu cikin tiyon da ke jawo iska daga bayan fitila, har gwiwar hannu, na taɓa tsumma.

Yankin tsohuwar rigarka ce shuɗiya, an ninke shi huɗu, an ɗaure da igiya an bar mata jela don a ji daɗin jawowa. Ƙullinka ne. Sau ɗaya na taɓa ganin ka yi haka, shekarar da ka tafi Makka, don kada zanzaro da ɓeraye su yi gida a ciki.

Kai kuwa da za ka tafi asibiti, cewa ka yi awo ne kawai za a yi maka, kwana biyu ka dawo. A kan haka na zauna ina haɗa injin ban-ruwan wani, ban raka ka ba. Ashe da safen nan, da ciwon a jikinka, ka durƙusa ka toshe mata hanci. Ka shirya motarka, mu ka bar mu a sake. Na ji haushinka ranar da na ciro tsumman, ba zan ɓoye ba. Yanzu ya wuce.

Ranar Juma'a Sanusi ya yi mata lodin albasa ya kai Kalgo ya dawo kafin a shiga masallaci. Ya ce ko shafa totur ya yi tana amsawa. An fasa sayarwa, ta faɗa rabonsa, shi zai riƙa ja yana kula da gida. Da masu rabon gado suka tambaye ni na ce datti ne. Da wannan takarda za su san gaskiya, kuma gara su sani.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari, Ya yafe maka abin da ka ɓoye don kada mu damu. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da kyau.

Ƙanenka,
Ɗanjuma, Gwandu