Abin da na tono a gidan tururuwa

Daren Talata, Dutse Alhaji.

Maƙwabciyata Maman Ladi ce ke rubuta min, ni ban iya riƙe biro ba.

Yau na buɗe buhun gerona na tarar ya koma rabi. Tururuwa ce. Na bi layinsu har gindin katanga, na sa fartanya na tona gidansu, yadda uwata ta yi a shekarar yunwa. Abin da na gani ya tsayar min da hannu. Gero a ɗaki guda, matattun ƙwari a wani, wai na 'ya'yansu ne. Can ƙasa wata ƙatuwa tana kwance, ko ƙwaya ba ta ɗauka, ƙananan suna ba ta abinci baki da baki.

Na ce, "Wannan malalaciyar fa?"

Maman Ladi da ke tsaye kusa da ni ta ce, "Iya, ai uwarsu ce."

Sai na zauna a ƙasa. Ni biyar na haifa, wata uku ba wanda ya aiko min da ko mudu.

Na mayar wa tururuwan da ƙasarsu, na bar musu geron.

Maman Ladi, rubuta: ɗana Sani da ke zaune a Wuse ya kawo buhun gero, 'yata Rabi ta kawo daddawa da man gyaɗa, kafin Juma'a. Kar ki sa "don Allah".