Bayahudiyar da Inna Take Faɗi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai waɗanda muke cin kwano ɗaya da su a cikin nan. 'Yan uwa abu ne ya cushe mini, don Allah ku ba ni shawara, ku yi haƙuri da tsawon bayanin.

Ni direban gida ne a nan Riyad, shekara tara ke nan ina wa wasu mutane aiki a unguwar Nasiriyya, ɗakina yana jikin get, daga katifa sai buta sai ɗan firij. Ni ne babba a wurin mahaifiyarmu, Inna muke ce mata. Ƙanena, bari in kira shi Sani, yana Amurka da matarsa Rahma. Inna ta je musu ne lokacin haihuwar fari da niyyar 'yan watanni, tana can aka shiga garinmu aka ƙone unguwarmu, gidan da za ta koma babu shi, sai ta zauna. Tana da ciwon suga, idanunta duka biyu sun yi yana, Sani da matarsa kuma tun safe suke fita aiki sai yamma.

Duk Juma'a bayan la'asar nake kiranta, lokacin su can safiya ce. Wajen wata biyar da suka wuce ta fara sako mini wata magana a cikin hira. Yau ta ce Bayahudiyar nan ta hana ta zuba suga a shayi, wani satin ta ce Bayahudiyar nan ta sa ta yawo a ƙasa har ƙafarta ta yi tsami, wani satin kuma ta ce ta ja ta wurin likita an ɗiga mata abu a ido wuni guda ba ta ganin komai. Tana faɗa tana 'yar dariya, ni kuwa na san Inna, ko me aka yi mata da dariya za ta ba ka labari. Kun san yadda muke magana a gida, mutum in ya cika mugunta ko maƙo sai a ce Bayahude ne, ni kaina na sha faɗa wa wani mai shago a unguwar Ulaisha haka a bayan idonsa. Ga shi Inna ba ta taɓa kama sunan Rahma ba tun da aka kawo ta, sai dai ta ce yarinyar nan. Shi ke nan na ɗinke zancen da kaina, na ce ashe suruka ce ta samu tsohuwa a ƙasar da ba ta da kowa take gasa mata aya a hannu.

Ban tambayi Inna ba, ban kira Sani ba. Ina da wannan halin, zuciyata tana riga hankalina isa wuri. Ina zaune a mota ƙofar makarantar yaran gidan ina jiran a tashe su, na danna saƙon murya na minti bakwai na jefa guruf ɗin danginmu, na wanke Rahma tas, na ce azabar da take wa Inna ta kai har Inna ta raɗa mata suna Bayahudiya. Kafin in kai yaran gida guruf ya kama da wuta.

Sani ya shigo yana kare matarsa. Ya ce ba zagi ba ne, matar da Inna take nufi Bayahudiya ce ta gaske, sunanta Rahel, tsohuwa ce 'yar sa kai a wata cibiya ta Yahudawan garin. Asali sun buɗe wurin ne don tsofaffinsu da 'yan uwansu da suka yi gudun hijira suka zo ba su san kowa ba, amma ba sa tambayar mutum addininsa. Kwana uku a sati motarsu take zuwa ta ɗauki Inna, a gwada mata suga, a ba ta abincin da ya dace da ciwonta, akwai ɗakin da take sallah a ciki, su ne suka bi takardu har aka yi mata aikin ido ɗaya, na biyun yana nan tafe. Ita Rahel a Masar aka haife ta, tana yarinya iyayenta suka fita da ita da akwati ɗaya, Inna kuma ta yi zaman Sudan da ƙuruciya, to da wannan tsohon Larabcin nasu suke raba hira. Ya ce ya ɓoye mana ne don ya san halinmu, kuma ga shi mun nuna masa bai yi kuskure ba.

Na zaci an gama, in ba Rahma haƙuri a wuce wurin. Ashe yanzu aka fara. Kawunmu, yayan Inna wanda ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, ya ce da suruka ce da sauƙi, amma ba zai zuba ido 'yar uwarsa ta ƙare rayuwarta a hannun Yahudawa ba. Masu ƙara gishiri suka shigo, wannan ya ce wa ya san abin da suke zuba mata a abinci, wancan ya ce da haka ake juya wa mutum addini. Kawu ya kira ni ya ce abin kunya ne ina zaune a ƙasa mai tsarki uwata tana can, ko in kawo ta wurina ko a mayar masa da ita Kano, inda shi ma ɗaki biyu yake haya tun da suka gudo. Na buɗe baki na ce to Kawu, don ban taɓa ce masa wani abu ba sai to.

Ni kuwa ina zan kawo ta? Iƙamata, wato katin izinin zamana a nan, direban gida aka rubuta a kai. Na je wurin mai cike takardu a Ulaisha kan bizar ziyara, ya duba katin ya miƙo mini abina, ya ce da wannan sana'ar kar ma in ɓata tawada. Na roƙi kafilina, wato maigidan da nake ƙarƙashinsa, ya canza mini sana'ar a katin, ya ce bukra insha Allah, wato gobe, bukrar da tun zuwana nake jinta, fasfona ma yana durowarsa. Ko da a ce an ba ni bizar, a jikin get zan ajiye tsohuwa mai suga, ina fita tun asuba? In kuma aka mayar da ita Kano, aikin ido na biyu ya tafi, takardunta na can ma ba tabbas. Na samu wani malami da na yarda da shi bayan sallah na tambaye shi a ɓoye, ya ce shi bai ga laifi ba a karɓar taimako daga wanda ba Musulmi ba. Na ce ko zai faɗa wa Kawu a waya, ya ce shi ba ya shiga maganar dangi.

Yau sati uku ke nan Sani ya daina barin motar ta ɗauke ta, don Kawu ya rantse in bai daina ba babu shi babu shi. Inna tana wuni ita kaɗai a gida a kulle. Na ba Rahma haƙuri ta ce ba komai Yaya, kuma wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Cibiyar ta ce za ta riƙe wa Inna gurbinta zuwa ƙarshen watan nan, bayan haka akwai wasu tsofaffin a layi. Sani ya ce mini, "Yaya kai ka kunna, kai za ka kashe. Ka shiga guruf ka ce ta koma, ran Litinin da kaina zan kai ta bakin mota." Na ɗauki wayar ya fi sau ashirin, in danna in goge. Kawu shi ya aurar da ni, 'ya'yana biyu yanzu haka a gabansa suke, in na saɓa masa a gaban dangi ban san da wane ido zan sauka Kano ba.

Juma'ar da ta wuce na tambayi Inna ita me take so. Ta ce duk abin da muka yanke daidai ne, ita ba za ta raba zumunci a kan ido ba, ɗaya ma ya ishe ta ganin alƙibla. Ba ta yi dariya ba. Har zan kashe sai ta ce ran Talata matar nan Rahel ta zo gidan da ƙafarta, da sandarta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ta yi ta ƙwanƙwasawa tana ya Hajja, ya Hajja, lafiya kike? Ni kuma ina zaune a bayan ƙofar na riƙe numfashina kamar ɓarauniya, har na ji ta tafi. An ce kar in kula su, ban kula ba. Amma ka gaya mini, me ta yi mana?"

Sai na ce mata layin ne ba kyau.

Jama'a saura kwana tara wata ya ƙare. In shiga guruf in ce Inna ta koma, in ɗauki fushin Kawu da bakin dangi? In sa Sani ya riƙa kai ta a ɓoye, in bar tsohuwa tana yi wa yayanta ƙarya a waya? Ko in yi shiru a mayar da ita Kano da ido ɗaya saboda saƙon da na yi a mota ban tambayi kowa ba? Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta. Amma don Allah bayan zagin ku gaya mini abin da zan ce wa Inna ran Juma'a in ta sake tambayata me matar nan ta yi mana.