Ku Cire Kalmar Maguɗi Daga Gefen Sunan Hafsatu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Wasan Kati na Waya ta Ɗalibai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da abokan aiki. Ya hidima da yaran jama'a? Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, ni malamar lissafi ce a wata sakandare a Gwarzo. Na rubuto a fili ne saboda a fili aka yi abin da ya dame ni. A makon jiya kun fitar da sunayen waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a shafinku, kuka ja layi a kan sunan ɗalibata Hafsatu, kuka rubuta "maguɗi" a gefe. Dalilinku shi ne an ga asusunta yana buɗewa a wayoyi daban-daban, daga garuruwa daban-daban. Haka ne, ba ku yi ƙarya ba. Amma ku ji yadda aka yi.

Na farko. Ka fi ni sanin cewa a wannan wasa katin kirki ko dai a saya, ko a tara shi sannu a hankali ta yin ƙananan wasannin da ake bayarwa kullum. Yarana ba su da kuɗin saye, kuma babu mai wayar kansa a cikinsu. Sai suka yi abin da suka tashi suka ga iyayensu na yi idan aikin gona ya fi ƙarfin mutum ɗaya: suka yi gayya. Asusu ɗaya suka buɗe da sunan Hafsatu. Sagiru, da yake zuwa daga Gammo, yakan yi nasa rabon a wayar yayansa idan an taso daga gona. Hafsatu takan ari ta mahaifiyarta a Mainika. Sauran sukan karɓi tawa lokacin hutun tara a makaranta. Damina guda suka yi a haka. Duk wanda ya samo sabon kati, da gudu yake shigowa aji da safe, tun kafin ya gaishe ni yake faɗa. Ko sau ɗaya bai zo mana a rai cewa taimakon juna laifi ne ba.

Na biyu. Tara kati daban, haɗa jerin da za a shiga gasa da shi daban, kuma wannan aikin Hafsatu ce ta yi shi. Kati talatin aka yarda a ɗauka. Sauran yara sun so a cika jerin da manyan mayaƙa masu tsada, musamman wani dodo mai fukafukai da suka sha wahala kafin su same shi. Ita ta ce a'a. Ta lura cewa sabis ɗin wajenmu ba ya jure dogon wasa. Kana dab da fito da babban katinka sai ya ɗauke, a ba abokin karawarka nasara. Don haka ta zaɓi ƙananan mayaƙa masu saurin fita, ta haɗa su da 'yan katunan kariya, ta bar biyu kacal na warkarwa, yadda za a gama wasa kafin sabis ya gaji. Ta zauna da alli tana lissafa yiwuwar katin da take so ya zo mata a hannun farko. Ranar da ta cire dodon nan, Sagiru har fushi ya yi da ita. Da ta ci wasa na uku a jere, shi ya fi kowa ihu. Yarinyar da a da take ɓoye kai idan na zo darasin yiwuwa, ita ce ta koma tana koya wa 'yan ajinsu.

Na uku. Duk wasannin gasar ita kaɗai ta buga su, a wayata, a ofishin malamai, a gaban idona da na abokan aikina. Babu wanda ya taɓa mata waya, babu wanda ya raɗa mata komai.

Na huɗu, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Mahaifinta malamin Islamiyya ne. Da farko ya ƙi, domin a wurinsa duk abin da aka kira kati karta ce, karta kuwa caca. Na je har gida na durƙusa na nuna masa babu abin da ake zubawa. Tambaya ɗaya ya yi mini: ko wasan zai koya mata yaudara? Na ce masa a'a, na ɗauki alkawari. Yanzu wani ya kai masa hoton shafinku. Bai yi mata faɗa ba. Aiko mini da gaisuwa kawai ya yi, yana tambayar ko lafiya. Ita kuma ta daina ɗaga hannu a aji, saboda akwai masu kiranta da kalmar da kuka rubuta.

Ga roƙona. Idan dokarku ta hana mutane da yawa su haɗu su tara kati a asusu ɗaya, mun karɓa, ku ba wani gurbinta, ba za mu ja ba. Amma ku goge kalmar nan, ku rubuta a inda kuka rubuta ta cewa an karya ƙa'idar asusu ne bisa rashin sani, ba wai ta cuci kowa ba. Sannan a gasa ta gaba ku rubuta dokokin da Hausa, ku kuma tuna da garuruwan da waya ɗaya take zagaya gida guda.

Ranar Juma'a zan je Mainika in amsa gaisuwar Malam. Ina roƙonka, don Allah, kada ka bari in je masa da bakina kawai.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya shirya maka zuri'a, ya tsare sunan 'ya'yanka daga abin da ba su aikata ba.

Wassalam.

Taku mai fatan alheri,
Malama Hadiza, Gwarzo