Shinkafar Malam Yari

Ƙofar Kwaya, Katsina
9 ga Maris, 1976

Zuwa ga Yaya Indo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara a Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan kalau muke, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, har tana zuwa unguwa.

Yaya, wani abu ke cina. Kin san kamfanin shayin da nake wa aiki ya yi gasa shekara uku da suka wuce, wanda ya ci ana ba shi buhun shinkafa duk wata har ƙarshen ransa. Bana aka ce in bi waɗanda suka ci gida-gida da hotunansu, in tabbatar suna raye. Ran Talatar da ta wuce na je Ƙofar Durɓi wurin Malam Yari, wani tsohon maɗinki. Matarsa Mairama ta aiko a shigar da ni zaure. Na tarar da dattijo a zaune da hular da ke cikin hoton, amma fuskar ba ita ba ce. Muka daɗe muna gaisawa, na kasa fito da takardar da zan cike. Can ya cire hular ya ce, "Ɗana, ni Audu ne, ƙanensa. Yari ya rasu tun azumi. An ce in zauna a matsayinsa, amma ba zan iya ba."

Daga bayan ƙofa Mairama ta ce ita ta sa shi, kada in ga laifinsa. Jikoki biyar marayu ke hannunta. Ba ta roƙe ni komai ba. Na rubuta gaskiya na sa hannu, shinkafa ta tsaya.

Washegari na sayi rabin buhu a Babbar Kasuwa na aika mata. Ta maido, ta ce a gode mini, amma a da abin mijinta take karɓa, ba ta fara karɓar sadaka ba tukuna. Buhun na nan ɗakina, na kasa buɗewa. Ki faɗa mini, Yaya, ko na yi daidai. Saura gida goma sha ɗaya ban je ba.

Ki gaida Malam Ɗanliti da Laraba. Inna na gaishe ku.

Ƙanenki,
Yahaya