Akwatin Korar Jan-baki

Litinin, 9 Oktoba 2006
Na kafa akwatin korar tsuntsu da na haɗa a gonar dawar Baban Theresa, yarinyar da zan aura. Batir, ayisi (ɗan ƙwaƙwalwar kayan lantarki), da 'yan faya-fayan tagullar nan masu ƙara da na ciro daga matattun agogai, waɗanda ake kira fizo. Mujallar da yayana ya kawo daga bariki ta ce ƙarar irin wannan akwati ta wuce jin ɗan Adam, amma tana ruɗa ƙwaƙwalwar tsuntsu. Baban nata ya kara kunne ya ce, "Japhet, ni ban ji komai ba." Na ce ai haka ake so. Nan take ya ce Theresa ta huta da gadin tsuntsu.

A golmo, noman da muke yi wa surukai kafin a ba mu mata, kullum ni ne na baya. Abokai na ta dariya, wai mai gyaran rediyo. To, ga nawa noman.

Laraba, 11 Oktoba
Tsuntsayen jan-baki sun sauka ta gefen rafi. Wataƙila iska ce ke kwashe ƙarar.

Alhamis, 12 Oktoba
Abin da ba a jin ƙararsa, ta ina za ka san ya mutu? Mitar awon wuta ta nuna wuta na shiga. Na sake bin wayoyin da dalma har na ƙone yatsa. Na kawo shi gida na kunna kusa da karen maƙwabta, ya tashi ya bar wurin. Yana aiki ke nan. Sai dai karen nan ko tari ka yi tashi yake.

Asabar, 14 Oktoba
Muntaka mai kayan lantarki ya ce kapasitar da na sa a ciki, mai tara wuta, ta yi girma, na canza. Ya ce wa ya taɓa gwada wannan abu? Na ce Turawa. Ya ce, "Da tsuntsayensu ko da namu?" Bakinsa ba kyau, kayansa ne masu kyau.

Lahadi, 15 Oktoba
Bayan coci na leƙa. Kashin tsuntsu a kan akwatin. Na goge.

Talata, 17 Oktoba
Baba ya karyo zangarniya ya murza a tafin hannu, ba ƙwaya ko ɗaya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi gefen rafin nan ne abincinsu na bazara. Baffan Theresa kuwa har ya fara cewa a sake duba maganar aurenmu.

Ita ta tare ni a hanya. "Faɗa min gaskiya, in koma gona?" Na ce ta ba ni zuwa Juma'a. Wallahi kunya kamar in nutse.

Alhamis, 19 Oktoba
Na rage kaifin ƙarar har kunnena ya kama. Tsiii, kamar sauro. Na ja baya kunyar dawa biyu, shiru. Ashe ko da can iyakarta ke nan. Tsuntsayen suna ta ci a gabana.

Asabar, 21 Oktoba
Ban buɗe shago ba, jiya ma haka. Tun fitowar rana ina kan rumfar gadi da gwangwani da tsakuwa, ina ihu kamar mahaukaci. Murya ta dushe. Dawar gefen tudu dai tana nan.

Da azahar Baba ya zo da kunu, ya zauna muka sha. Ya tambayi akwatin, na ce ana kan gwaji. Ya ce in ba a matse nake da batirin ba, rediyonsa na so.

Na cire na ba shi. Aro ne dai, zai mayar min.